Magatakardan Inji da Alƙawarin Nesa: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Alƙalami?

Tun da aka fara ɗora dukiyar jama'a a kan kwamfuta, watau ajiyar bankuna da rajistar kamfanonin inshora da tikitin jiragen sama, masu sana'ar rubuta manhaja suka sami kansu cikin wata mas'ala wadda a zahiri ƙarama ce, amma in aka bi ta a tsanake sai a tarar ta taɓo tushen sana'ar baki ɗaya. Idan wani sashe na manhaja yana zaune cikin wata kwamfuta, masu bukatar hidimarsa kuwa suna wasu kwamfutocin dabam, na kusa da na nesa, lalle ne a rubuta wata takarda da za ta bayyana ayyukan da sashen ya yarda a kira shi dominsu, da abin da za a miƙa masa, da abin da zai mayar. Wannan takarda ita za mu kira ƙofar nesa, domin ta nan kaɗai baƙo yake samun iso. Saɓanin da ya auku shi ne: shin mutum ne ya kamata ya rubuta ta da hannunsa, ko kuwa a bar wa inji ya fitar da ita daga cikin rubutun sashen, kamar yadda magatakarda yake kwafe wasiƙa daga abin da aka shibta masa?

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, ya kyautu a san inda gardamar ta tsiro. A shekarar 1984 wasu masana biyu na cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Andrew Birrell da Bruce Nelson, suka bayyana yadda shiri zai kira wani shirin da ke wata kwamfuta kamar dai suna ɗaki ɗaya. Hikimar ita ce a ajiye wakili a kowane gefe: na wannan gefe ya karɓi saƙo ya ƙunshe shi ya tura, na wancan gefe ya kwance shi ya miƙa, sa'an nan amsa ta biyo sawu ta dawo. Tun a lokacin inji ne yake rubuta wakilan, ta hanyar wani shiri da suka sa wa suna Lupine. Haka tsarin CORBA ya bi tun daga 1991, haka kuma harshen Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995, ya bi da nasa salon. Babu wanda ya yi jayayya a kan wannan, domin ƙunshe saƙo da kwance shi aiki ne na maimaici wanda babu ijtihadi a cikinsa.

Jayayya ta taso ne bayan 1998, sa'ad da Sun ya fitar da ƙa'idar Enterprise JavaBeans, wadda aka fi sani da EJB, domin gina manhajojin manyan ma'aikatu. Ƙa'idar ta yi alkawarin ɗauke wa mai rubutu nauyin tsaro da na tabbatar da cewa ciniki ya cika baki ɗaya ko ya warware baki ɗaya, amma ta ɗora masa wani nauyin a madadinsa. A bugu na 2.0, wanda ya fito a 2001, sashe guda da ake so a kira shi daga kusa da nesa yana bukatar fayil biyar: jikin sashen inda aikin yake, da ƙofar nesa, da takardar da ake nemo sashen ta hanyarta daga nesa, da takwarorin waɗannan biyu na kusa. Ban da su akwai takardar bayani da aka rubuta da XML, akwai kuma wata ta musamman ga kowace uwar garke, JBoss da tata, WebLogic da tata. Wuri bakwai ke nan da suke magana a kan abu ɗaya. Abin da ya ƙara wa lamarin tsanani shi ne, bisa al'adar da aka bi, jikin sashen ba a ɗaure yake da ƙofarsa ba, don haka tafintan da yake duba rubutu kafin ya mayar da shi harshen inji ba ya ganin saɓanin da ke tsakaninsu; sai an ɗora manhajar a kan uwar garke sa'an nan aibin ya bayyana.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan wahala ce ta sa wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Suwidin, Rickard Öberg, ya ƙirƙiri wani shiri mai suna EJBDoclet, wanda daga baya ya faɗaɗa ya zama XDoclet, kyauta ga kowa. Dabararsa tana da daɗin fahimta ga duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin fiƙihu, inda matani yake tsakiya, hashiya kuma take kewaye da shi a gefe. A cikin rubutun Java akwai wurin sharhi, wanda tafinta ba ya karantawa, an tanade shi ne domin bayani ga 'yan Adam. Sai XDoclet ya ce a riƙa sanya masa 'yan alamomi a cikin wannan hashiya, a saman kowane aikin da ake so ya fita waje, shi kuwa duk lokacin da aka tashi gina manhaja da shirin Ant, sai ya bi ya karanta alamomin, ya rubuta sauran takardun nan shida da kansa. Mutum ya rubuta fayil ɗaya, inji ya haifi saura.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujjoji waɗanda ba a ture su da baki kawai. Hujjarsu ta farko ita ce, duk gaskiyar da aka rubuta a wuri bakwai, komai daren daɗewa sai ta zama gaskiya bakwai masu karo da juna. Suka ce wannan ba zargi ba ne ga himmar kowa, ɗabi'ar ɗan Adam ce: wanda ya canza sunan wani aiki da yamma yana gaggawar tashi, zai gyara wuri biyar ya manta biyu, kuma ba zai sani ba sai bayan an ɗauki lokaci ana gini da ɗorawa. Malaman da suka yi hidimar kwafe littattafai sun san haka, shi ya sa ba su amince da kwafi ba sai an yi muƙabalarsa da asali. To, in ji su, ga magatakardan da ba ya gajiya, ba ya gyangyaɗi, ba ya tsallake layi, me zai sa a ci gaba da wahalar da mutum da muƙabala? Sun kuma jingina da ƙa'idar da Andrew Hunt da David Thomas suka yaɗa cikin littafinsu na 1999, cewa kowane ilimi a cikin manhaja ya kasance yana da mazauni guda tak wanda ake komawa gare shi.

Hujjarsu ta biyu ta shafi lokaci da hankali, waɗanda su ne jarin mai wannan sana'a. Suka ce a ɗauki misalin ma'aikatar da take da sashe ɗari biyu. Fayil biyar ga kowanne ya ba da fayil dubu, alhali ɗari biyu ne kaɗai suke ɗauke da tunani, sauran ɗari takwas amsa kuwwa ce. Duk sa'ar da gwani ya ɓatar wajen jera amsa kuwwa, an cire ta ne daga sa'o'in da zai yi yana tunanin yadda za a lissafa riba ko a kare asusun marayu daga kuskure. Hujja ta uku kuwa ita ce 'yanci daga mai sayarwa: tun da injin ya san yaren kowace uwar garke, ma'aikatar da ta so barin wannan kamfani ta koma wancan ba sai ta sake rubuta takardun bayani da hannu ba. Suka ƙara da cewa abin da inji ya rubuta kamanninsa ɗaya ne ko'ina, don haka sabon ma'aikaci da ya gane ɗaya ya gane duka, kuma in aka sami kuskure a cikin ƙirar, gyara ɗaya ya wadatar da ɗaruruwa.

Masu inkari ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai sun ce abokan muhawararsu sun yi kuskure tun wajen sanin mene ne asali, mene ne reshe. A wurinsu ƙofar nesa alƙawari ce da aka ɗauka wa mutanen da ba a gani ba, waɗanda za su gina nasu aikin a kanta, wataƙila a wata ma'aikata, wataƙila a wata ƙasa. Jikin sashe kuwa cikin gida ne, mai shi yana da ikon rushe shi ya sake gini kullum in ya ga dama. Idan aka ce alƙawari ya riƙa fitowa daga cikin gida kai tsaye, to duk ranar da mai gida ya matsar da tukunya, sharuɗɗan da baƙi suka dogara da su sun canza ba tare da kowa ya zauna ya yi shawara ba. Magana zarar bunu ce. Aikin da aka riga aka shelanta a ƙofa, wasu suka fara kira, janye shi ya zama fitina. Don haka, in ji su, wahalar rubuta ƙofa da hannu tana da fa'ida, domin tana tilasta wa mutum ya tsaya ya tambayi kansa ko ya shirya ɗaukar wannan nauyi shekara da shekaru.

Suna kuma da wani dalili mai zurfi, wanda ya fito daga cikin gidan Sun kansa. A 1994 masu bincike huɗu na kamfanin, Jim Waldo da Geoff Wyant da Ann Wollrath da Sam Kendall, suka rubuta wata maƙala suna gargaɗi cewa kiran nesa da kiran kusa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma duk tsarin da ya ɓoye bambancinsu zai yaudari mai amfani da shi. Sun kawo fuska huɗu: jinkiri, da rashin tarayya a ma'ajiyar tunani, da gudanar abubuwa da yawa lokaci guda, da kuma lalacewar wani ɓangare alhali wani yana aiki. Ta ƙarshen nan ita ce mafi hatsari. A ƙaddara an aika umarni a cire kuɗi daga asusu, sai amsa ba ta dawo ba. Mai aikawa ba shi da hanyar sanin ko umarnin ne ya ɓace a tafiya, ko kuwa an zartar da shi amsar ce ta ɓace a dawowa. In ya sake aikawa la'alla a cire sau biyu, in ya yi shiru la'alla ba a cire ko sau ɗaya ba. Warware wannan shubuha sai an tsara ƙofar da gangan, misali kowane umarni ya zo da lambar shaida wadda ba a karɓarta sau biyu, kuma wannan hukunci ne da inji ba zai iya tsamo shi daga alama a hashiya ba. Waldo da Wollrath suna cikin waɗanda suka tsara kiran nesa na Java, kuma da niyya aka wajabta wa kowane aikin nesa ya ambaci cewa yana iya gazawa, domin kada mai kira ya shagala.

Batun jinkiri ma lissafinsa a fili yake. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, tsakanin Landan da New York kuwa akwai wajen kilomita 5,500, saboda haka zuwa da dawowa ba zai kasa kashi 55 cikin dubu na daƙiƙa ba, ko da babu wani tsaiko a hanya. Mutumin da ya rubuta sashe yana tunanin cikin gida zai sa aiki ɗaya na tambayar suna, ɗaya na adireshi, ɗaya na lambar asusu, har ashirin, domin a kusa wannan ba ya cin komai. In aka manna wa kowanne alama, inji zai fitar da su duka cikin biyayya, sai a wayi gari buɗe bayanin mutum ɗaya yana cin fiye da daƙiƙa, na mutum dubu kuwa ya kusa sulusin sa'a. Wannan cuta ce ta sa a littattafan koyar da gina manhajojin ma'aikatu da Java na farkon shekarun 2000 aka yi ta koyar da a gina zaure guda a gaban sassa, wanda zai tattara bayani cikin ƙunshi ɗaya ya aika sau ɗaya, har Martin Fowler, a littafinsa na 2002, ya mayar da nisantar rarraba sassa a kan kwamfutoci ba tare da larura ba doka ta farko a wannan babi. Sauri ya haifi nawa.

Masu goyon baya sun mayar da martani mai ma'ana. Suka ce XDoclet ba ya fitar da aiki ƙofa sai wanda mutum ya sa wa alama da hannunsa, don haka zaɓi yana nan a hannun mutum. Wanda ya tsara ƙofa maras kyau da inji, da an ba shi alƙalami ma maras kyau zai tsara, sai dai ya daɗe bai gama ba. Ba a zargin wuƙa don mahauci ya yanke yatsa. Masu inkari suka ce haka ne, amma sauƙi yana da tasiri a kan ɗabi'a: abin da layi ɗaya yake buɗewa ana buɗe shi ba tare da tunani ba, kuma mai bitar aiki ba ya ganin alƙawarin a haɗe a shafi guda, sai dai warwatse cikin hashiya. Suka kuma lissafa aibobin da suka gani a aikace. Tun da tafinta ba ya karanta hashiya, kuskuren harafi ɗaya a cikin alama ba ya jawo tsawa nan take, sai can gaba. Rubutun masu kira ba ya ginuwa sai an fara gudanar da injin, domin ƙofar da suke ambata ba ta wanzu ba tukuna. Wanda kuma ya yi gyara da hannu a cikin fayil ɗin da inji ya haifa, gini na gaba zai shafe gyaransa ba sallama. Sai suka ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Akwai ma ƙungiya ta uku da ta ce ɓangarorin biyu suna gardama ne a kan maganin ciwon da bai kamata a kamu da shi ba. Rod Johnson, wanda littafinsa na 2002 ya zama tushen tsarin Spring, ya tafi a kan cewa mafi yawan manhajojin ma'aikatu ba su bukatar kiran nesa tsakanin sassansu ko kaɗan, kuma ƙa'idar da ba a iya aiki da ita sai da injin rubuta takardu, ita ce take bukatar gyara. Spring ya kai bugu na 1.0 a 2004, jama'a kuwa suka yi ta komawa gare shi.

Yadda tarihi ya yanke hukunci abin lura ne, domin bai ba kowa gaskiya dukanta ba. A 2004 Java ta 5 ta shigo da alamomi cikin matanin harshen kansa, inda tafinta yake ganinsu yana duba su, watau ra'ayin XDoclet ya tashi daga hashiya ya koma matani. A 2006 EJB 3.0 ta ɗauki waɗannan alamomi, ta sauke wajabcin takardar nemo sashe, ta mayar da takardun XML na ganin dama, har bukatar XDoclet ta ragu ƙwarai. Wannan nasara ce ga masu cewa maimaici ɓarna ne. Amma a 2009, da EJB 3.1 ta halatta a kira sashe ba tare da wata ƙofa ba, sai ta taƙaita rangwamen ga kiran kusa kaɗai. Wanda yake so a kira shi daga nesa, har yanzu sai ya bayyana ƙofarsa. Wannan kuma nasara ce ga masu cewa nesa tana da hukunci nata na dabam.

Tsare-tsaren da suka zo daga baya sun ƙara fito da wannan rabo. A Protocol Buffers, wanda Google ya saki ga jama'a a 2008, da gRPC da ya biyo baya a 2015, inji yana rubuta abu mai yawa ƙwarai, har cikin harsuna da dama, ta yadda sashen da aka rubuta da Java zai yi magana da wanda aka rubuta da Python ba tare da wahala ba. Sai dai kibiyar ta juya: mutum ne yake fara rubuta takardar alƙawari, kowane gurbi da lambarsa, tare da sharaɗin cewa lambar da aka taɓa amfani da ita ba a sake ba wani gurbi, domin kada tsofaffin masu kira su fahimci saƙo a karkace, sa'an nan daga wannan takarda inji yake haifar da wakilai. Gaskiya ne har yau akwai masu bin ɗaya hanyar, suna fitar da bayanin ƙofarsu, a tsarin OpenAPI, daga cikin rubutunsu, kuma inda mai kira da wanda ake kira duk ƙungiya ɗaya ce take riƙe da su, suna kuma canzawa tare, ban ga laifin haka ba, domin wanda ya yi wa kansa alƙawari yana iya warware shi ba tare da ya cuci kowa ba.

Abin da ya rinjaya a wurina, bayan auna hujjojin nan, shi ne a raba aikin magatakarda da aikin mai ɗaukar alƙawari. Duk abin da za a iya tsamo shi daga wani abu ba tare da ra'ayi ba, kamar wakilai da takardun bayani da ƙunshe saƙo, a bar wa inji, kuma kada a taɓa abin da ya rubuta da hannu. Nacewa a kan rubuta irin wannan da hannu wahalar da kai ce wadda ba ta da lada. Amma yawan ayyukan da za a shelanta, da girman kowane ƙunshi, da abin da zai faru in amsa ta ɓace, da yadda za a canza sharaɗi ba tare da an karya na waɗanda suka riga suka dogara ba, waɗannan amana ce, sai mai hankali ya zauna ya rubuta su a wuri guda inda abokan aikinsa za su karanta su yi masa gyara tun kafin baƙo na farko ya yi sallama. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a duba wa zai sha wahala idan ƙofar ta canza gobe da safe. In mai gidan ne kaɗai, inji ya fitar da ita daga rubutunsa, babu komai. In kuwa akwai wani a can nesa wanda ba a san fuskarsa ba, wanda albashin ma'aikatansa ko ajiyar abokan cinikinsa ta rataya a kanta, to a fara rubuta alƙawarin, sa'an nan a kira magatakarda. Wallahu a'alamu.